Usta Zakiru da Jirgin da ke Cikin Dabino

Idan aka sallame sallar asuba a ƙaramin masallacinmu na unguwar Aƙiƙ, nan Madina, kowa yakan koma gida ya ƙara runtsawa, ban da Usta Zakiru. Usta a nan lakabin gwanin sana'a ne. Shi daga ƙofar masallaci sai wurin mai gurasa. Ya sayi guda ɗaya da zafinta, ya naɗe a takarda, ya maƙale a hammata, ya nufi warsharsa, wato shagon waldarsa da ke bayan layin masu gyaran mota. Kafin ya ɗaga ƙofa sai ya zagaya tulin tsofaffin ƙarafan da ke gefen shagon da 'yar guduma a hannu, yana ƙwanƙwasa wannan, yana ture wancan da ƙafa, yana kasa kunne. Ƙarfen da ya amsa masa da ƙara mai tsabta sai ya ja shi ciki. Wanda tsatsa ta cinye masa ciki kuwa, sai ya ce masa, "Kai ma ka yi naka," ya mayar da shi gefe. Daga nan ya ɗora shayi, ya ci rabin gurasar, ya ajiye rabin don wanda zai fara shigowa.

Haka na same shi tun ina saurayi, haka kuma yake har watan jiya, da likita ya ce masa idanun nan sun sha wuta iya shansu, in ya ƙara kallon walda to ya shirya a riƙa yi masa jagora. Ya rufe warshar. Ba a yi masa walima ba, ba wanda ya tashi a masallaci ya ce a yi wa bawan Allahn nan addu'a. Ni Sabiru direba, da na ƙarar da ƙuruciyata ina jigilar alhazai daga filin jirgi, in na tashi aiki kuma in yi jigilar tarkacen Usta a bayan motata, na ce to, tunda ba mai magana, ni zan yi. Kuma ina gaya muku tun yanzu, raina a ɓace yake. Wanda yake son daɗin baki ya nemi wani shafin.

Ƙananan ayyukansa ba sai na tsaya lissafi ba, kowa shaida ne. Ku tambayi masu tura tsofaffi a keke a bakin Harami, nawa ne cikinsu ya taɓa kai masa karyayyen keke ya dawo da shi a karye. Ku tambayi matan da suka rasa mazajensu a layinmu wa ya gyara musu ƙofa da tankin ruwa ba tare da ya bari an ji ba. Makarar da muke ɗaukar mamatanmu a kai, shi ya haɗa ta daga ƙarafan gadajen wani masauki da aka rushe, ya goge kowane mariƙi har ya yi santsi don kada ya ci kafaɗar mutum. Zakiru mijin Raudatu, mai ɗinke ƙarfe da wuta. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar jirgi ce ta sa.

Na san wani zai ce me jirgin ruwa yake yi a Madina, garin da ba teku. To, a cikin wani bustani a Awali, gonar dabino mai katanga, akwai wani tsohon jirgin katako. Na Malam Balarabe ne, Bahaushen Sudan, matuƙi a Sawakin. Da wannan jirgin ya yi ta tsallako da mutanenmu Bahar Maliya, waɗanda suka tako da ƙafa daga Kano da Damagaram da ƙasar Cadi suna neman Ɗakin Allah. A tafiyarsa ta ƙarshe ya ɗauko iyalinsa, har da 'yarsa Hawa, tana 'yar ƙanƙanuwa. Ya yi ta kamun kifi da jirgin a Yanbu, bakin teku, har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya so ya zo ya ƙarasa kwanakinsa a maƙwabtakar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya ce ba inda za shi ya bar jirgin. Aka ɗora shi a babbar mota, aka sauke a gonar da ɗansa yake gadi. A lokacin ba a gama katangar ba, dabinon wurin kuma 'yan dashe ne. Malam Balarabe ya rasu, ɗan ya rasu, dabino ya girma ya kewaye jirgin, shi kuwa ya kife a gefe ɗaya ya zama wurin haihuwar kyanwoyi.

Kakata a cikin jirgin nan ta zo. Kakan Usta ma haka. In ka bi layinmu gida gida, da wuya ka wuce ƙofa uku ba ka tarar da wanda tsohonsa ya yi amai a cikin katakon nan ba. Wannan kowa ya sani, ana dai ƙin faɗa ne.

'Yar yarinyar nan ita ce Inna Hawa, wadda duk unguwa muke kira Inna. Ta tsufa ƙwarai, ƙafa ta daina ɗaukarta. Wata rana aka turo ta warsha don a gyara mata keken da take zama a kai, ina nan zaune ina shan shayin Usta. Yana durƙushe yana ɗaure mata taya, sai ta dafa kansa.

"Zakiru, kai da ba ka yar da komai, ka ga jirgin Baba kuwa?"

"Na kwana biyu ban leƙa ba, Inna."

"Ya kwanta a kan haƙarƙarinsa kamar mai jinya. So nake in gan shi a tsaye, a ɗaga ni a sa ni ciki, in zauna inda uwata ta zaunar da ni. Sau ɗaya tak. Bayan nan duk abin da Allah ya yi daidai ne."

Usta ba mai yawan magana ba ne. Ya gama ɗaure tayar, ya juya ta ya ga ta tafi daidai, sannan ya ce, "To, Inna." Ni da na san shi, na san an gama. Abin da tsohuwar nan ta roƙa ke nan a duniya, kuma kowa ya ga lokacinta ba shi da yawa.

Muka je da Bakri, wani kafinta ɗan Sudan da ya yi aikin jirage a bakin teku kafin ya zo nan. Ya shiga ƙarƙashi, ya soka wuƙa nan da can, ya fito yana kakkaɓe ƙasa. Ya ce jikin jirgin da sauransa, amma doguwar itaciyar gindi, wadda ita ce ƙashin bayansa, ta ruɓe. Sai an ɗaga shi sama gaba ɗaya, ya yi watanni a rataye, kafin a cire ta a sa sabuwa. Kuma a ɗaga shi daidai wa daida, don in kusurwa ɗaya ta riga 'yar'uwarta, tsohon katako ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Motar ɗaga kaya ba za ta shiga ƙofar bustanin ba. Mai gonar, Allah ya saka masa, ya ce mu yi duk abin da muke so, amma kada a taɓa masa katanga ko dabino ko ɗaya. Ban ga laifinsa ba.

Nan ne Usta ya ce shi zai ƙera abin ɗagawa a wurin, a tsakanin itatuwan, da abin da mutane suka zubar.

Wallahi na ga aiki. Ginshiƙai huɗu daga bututun tsohuwar rijiya. Ƙarafan sama daga ginin da aka rushe. Sarƙoƙi daga wurin da ake yanka matattun motoci, ya bi su zobe zobe da gudumarsa yana saurare. Wilin manyan motoci ya mayar abin naɗe sarƙa. 'Yan tayoyin kekunan ɗaukar kaya na filin jirgi, waɗanda aka yi gwanjonsu, ni na kawo masa su. Abin da zai rungumi cikin jirgin kuwa, cewa ya yi ƙarfe ba zai taɓa katakon Malam Balarabe ba, ya nemo tsofaffin tiyon 'yan kwana-kwana ya ninka su ya ɗinke da hannunsa. Kome a guntu guntu muka shigar ta 'yar ƙofar nan, ya haɗa a ciki. Daga la'asar zuwa magariba, bayan ya tashi daga aikin da yake ci da iyalinsa, da ranakun hutu, har shekara ta zagayo ta wuce. Rigunansa duk suka zama rariya saboda tartsatsi, Raudatu matarsa ta gaji da faci ta ƙyale shi.

Da abin ya fara kama da abu, sai muka ga kowane ginshiƙi da nasa mariƙin juyawa, dogo, wanda mutum biyu za su kama. Bakri ya tsaya ya dube su.

"Usta, me zai hana ka haɗa su duka a sanda ɗaya? Mutum ɗaya ya juya, kusurwa huɗu su tashi tare, ba fargaba."

"Na san yadda ake yi," in ji Usta.

"To?"

"Jirgin da ya ɗauko gari guda, mutum ɗaya ne zai ɗaga shi? Gayya za mu yi."

Kuskurensa ke nan, in kuskure ne, kuma kuskure ne irin namu. Usta ya tashi a zamanin da in za a yi wa ɗakin wani rufi a tsohuwar unguwarmu, sai a raba goro, mata su ɗora tukunya, maza su zo da hannuwansu, kafin azahar an gama ana wasa da dariya. A kansa har yanzu mutanen nan suna nan. Sai ya ƙera abin da ba ya aiki sai da jama'a, da gangan, don 'ya'yan waɗanda jirgin ya ɗauko su sami rabonsu a ciki. Mutum takwas kawai yake bukata, har yana damuwa wai za a yi yawa, wasu su ji haushi ba su sami wurin kamawa ba. Ya ce sai a riƙa karɓa-karɓa.

Ya sayo goro mai kyau, fari da ja, ya sa a faranti ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ni na tuƙa shi. Bai aika saƙo ta waya ba, ya ce jirgin ya fi ƙarfin haka. Gida gida muka bi, ya yi sallama, ya zauna, ya faɗi ranar, ya miƙa farantin. A al'adarmu wanda ya sa hannu ya ɗauki goron gayya ya yi alkawari, ba sai ya rantse ba. Kuma ba wanda bai ɗauka ba. "Abshir, ya Usta," kawai kake ji, wato ka ɗauka an yi. Wani har biyu ya ɗauka, ya ce ɗaya na ɗansa ne.

Ranar Asabar ce, lokacin sanyi, balle wani ya ce rana ta hana shi. Raudatu da 'ya'yanta mata suka dafa shinkafa da rago a manyan tukwane, suka yi tuwo miyar kuka daban saboda Inna. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino. Tun da hantsi aka kawo Inna Hawa, ta sha lalle, ta sa fararen kayanta na zuwa Harami. Jikanta Saif ne ya kawo ta. Ya turo kekenta har gindin wani dabino da ke fuskantar jirgin, ya gyara mata mayafi, ya koma mota.

Muka zauna. Ni, da Usta, da Bakri, da Musaddiƙ, wani ɗan Cadi mai hawan dabino a gonar, wanda ba a ba shi goro ba, ba kuma kakansa a cikin jirgin, ya dai ga ana shiri ya wanke hannu ya zo. Duk motar da ta rage gudu a bayan katanga sai Usta ya miƙe ya gyara hula. Ta wuce, ya zauna. Aka yi azahar, mu huɗu muka yi sahu. Na ce wa Usta bari in zagaya gonakin maƙwabta in roƙo ma'aikata. Ya ce, "A ƙara jira, Sabiru. Sun karɓi goro." Na shiga kiran waya. Wannan ya ce baƙi suka yi masa dirar bazata, wancan ya ce bayansa ne ya riƙe, wani ya ce au, yau ne? Mafi yawa ba su ma ɗauka ba.

Na fita wurin Saif. Yana zaune a mota, inji a kunne, gilashi a rufe. Na ƙwanƙwasa ya sauke.

"Kakarka tana ciki tun safe tana jiran hannu, kai kana nan da naka biyu a kan cinya?"

Ya ji Hausar sarai, amma da Larabci ya amsa, yadda 'ya'yanmu suka saba. Ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "mu 'yan ƙasar nan ne, a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayenmu. Me ya sa kuke son ku tuna wa mutane a cikin katako muka zo?"

Ban zage shi ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi. Na san abin da yake ci masa rai. Ni ma an kira ni da sunan da ba na so a makaranta, na kuma san yadda yaro yake koyon ɓoye harshen uwarsa. Amma sai na gane ba ciwon baya ne ya hana mutanenmu zuwa ba. Kunyar jirgin suke ji. Sun karɓi goron ne don ba za su iya kallon idon Usta su ce a'a ba, suka bar shi ya gane da kansa a gaban tsohuwa.

Da la'asar ta yi, Inna ta fara gyangyaɗi a kekenta don gajiya. Usta ya dube ta, ya dube mu, ya ce mu gwada mu huɗu, kowa da mariƙi ɗaya. Ba yaro a cikinmu sai Musaddiƙ. Usta ya ba da murya, muka danna. Sarƙoƙi suka miƙe, tiyo ya rungumi cikin jirgin, ƙasa ta fara zubowa daga jikinsa. Ya tashi, wallahi ya tashi, har haske ya ratsa ta ƙarƙashinsa kamar faɗin tafin hannu. Inna ta buɗe ido ta ɗaga hannu biyu. Amma aikin mutum biyu ne a kan kowane ɗaya. Numfashi ya ƙare wa Bakri, ni ma ƙarfina ya gaza, ɓangaren Musaddiƙ ya riga namu. Sai muka ji ƙara daga cikin katakon, irin ta busasshen reshe in an taka.

"A tsaya," in ji Usta. "A sauke. Sannu sannu."

Muka mayar da shi inda ya kwana shekara da shekaru, da sabuwar tsaga a haƙarƙarinsa. Ba wanda ya iya kallon wani. Usta ya je ya durƙusa gaban Inna. Ita ce ta yi magana, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labari.

"Ranar da za mu taso daga Sawakin ba a raba wa kowa goro ba, Zakiru. Amma jirgin nan cika ya yi har ana faɗa a kan wurin zama." Ta shafa kansa. "Tashi, ɗana. Ka yi naka. A mayar da ni gida."

Abincin nan a bayan motata muka zagaya da shi muna raba wa ma'aikatan gonaki. Raudatu tana kankare tukunya tana hawaye. Ni kam na faɗi maganganu a ranar da ba zan rubuta su a nan ba.

Kashegari na ce wa Usta mu ɗauko 'yan ƙwadago takwas ƙarfafa mu gama da abin nan a wuce wurin. Ya ƙi. Ya ce da tsagar nan jirgin ba zai ƙara jure ko ɗan bambanci ba, kuma shi ya daina dogara da hannu takwas. Zai yi abin da Bakri ya ce tun farko, ya haɗa su a sanda ɗaya. Muka yi musu sosai, har yau kuma ina ganin da an bi tawa wataƙila da an ci nasara. Taurin kai dai Usta yana da shi, ba zan ɓoye ba don ina yabonsa. Amma haɗa abin da aka riga aka kafa daban daban ya fi ƙera sabo wuya. Sai da ya nemo giya huɗu masu haƙora iri ɗaya a cikin tarkacen garin nan, da sandar da ba ta da ko ɗan lanƙwasa. A watannin nan ne idonsa ya fara zubar da ruwa ba tsayawa. Yana walda yana sharewa da bayan hannu, yana cewa, "Saura kaɗan, a gaya wa Inna saura kaɗan."

Da zafi ya shigo Inna Hawa ta kwanta. Ba ta tashi ba.

A kan makarar Usta aka ɗauke ta. Ku zo ku ga jama'a. Duk masu ciwon baya sun warke, masu baƙi sun sallami baƙinsu, ana ture juna kowa yana son ya sa kafaɗa. Allah ya ba su ladan jana'iza, ba na yi musu baƙin ciki. Amma na tsaya ina ƙirga hannayen da ke kan mariƙan makarar nan, na ce ashe akwai su. Tana da rai ta nemi takwas ba ta samu ba. Usta yana can baya, bai yi turereniya da kowa ba, yana tafe yana share ido, ba ka sanin na walda ne ko na kuka.

Na ɗauka zai watsar da aikin. Wa za a yi wa kuma? Bayan an share makoki sai ga shi a ƙofar gidana, wai in zo in kai shi Awali. Na ce, "Usta, mai abin ta tafi." Ya ce, "Na ce mata to."

Ranar da ya gama bai gaya wa kowa ba. Mu huɗun nan ne dai. Ya cire sarƙoƙi daga mariƙan nan huɗu ya mayar da su kan sandar, ya kafa mariƙi ɗaya ƙarami a gefe. Yana shirin kamawa sai ga Saif ya shigo, ban san wa ya gaya masa ba. Ya rame. Ya tsaya kusa da dabinon da ya ajiye kakarsa a wancan karon, sannan ya matso, ya buɗe baki da Hausa, karyayyiya, wadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Baba Usta, wanne zan kama?"

Usta ya dube shi. Ba gori a muryarsa, da ma gorin ya yi da ya fi sauƙi.

"An cire musu sarƙa, ɗana. Ba sa ɗaga komai yanzu."

Ya juya mariƙinsa da hannu ɗaya. Jirgin Malam Balarabe ya tashi a hankali, kusurwa huɗu tare, ba ƙara ba girgiza, ya miƙe tsaye a tsakiyar dabino har mutum yana iya shiga ƙarƙashinsa. Saif ya je ya kama ɗaya daga cikin matattun mariƙan nan da hannu biyu, ya kifa kansa a kai, ya riƙe har aka gama. Ba wanda ya ce masa ya saki.

Bakri ya yi watanni yana aikin katako, Usta yana ƙera masa ƙusoshi da maɗaurai da ɗan sauran ganinsa. Yanzu jirgin ya yi kyau, an shafe shi da mai yana ƙyalli. Kuma kun san me? Labari ya bazu, abin ya zama na yayi. Mutanenmu suna zuwa da 'ya'yansu ranar hutu suna ɗaukar hoto, suna cewa tarihinmu, gadon kakanninmu. Da kunnena na ji mutumin nan da ya ɗauki goro biyu yana tambayar Musaddiƙ ko za a iya kawar da tarkacen ƙarafan nan, wai suna ɓata masa hoto. Tarkacen da ke riƙe da jirgin a sama yake nufi. Da ba a riƙe ni ba a ranar da an ji mu a bakin titi.

Usta, kai nake wa magana yanzu, na san Raudatu za ta karanta maka. Kai ne ka ɗauki abin da gari ya zubar ka tsayar da abin da gari ya ji kunyarsa. Kai ne ka zaci alheri a wurinmu fiye da wanda muke da shi, har ka ƙera zaton nan da ƙarfe ka kafa shi a ƙasa, kowa ya zo ya gani. Kai ne ka ce wa tsohuwa "to", ka biya da idanunka, ka cika mata bayan ba ta nan balle ta gode. Ba mu kyauta maka ba. Ba mu kyauta mata ba. Na gode, Usta, a madadin kakata da ta zo a jirgin nan, da Inna Hawa da ba ta samu ta zauna a cikinsa ba. Allah ya haskaka maka inda wuta ta dushe, ya sa aikin nan ya tsaya maka ranar da kowa yake neman mai ɗaga shi.

Ku kuma matasanmu, ba na ce ku zama masu walda ba. Ku dai koyi abu ɗaya a wurin mutumin nan, in kun ce "to", ta zama to. In kuma an kira ku aikin mai rai, ku je tun yana da ran.

Saura abu ɗaya. Jirgin har yanzu a rataye yake, an gama masa mazauni a ƙasa, sai saukewa. Makon jiya Usta ya sa na kai shi Awali, ya zauna a kan bokiti yana ba da umarni, ya sa ni da Bakri muka kwance sandar nan da ya ci wahalar haɗawa, muka mayar da sarƙoƙi kan mariƙai huɗu. Bakri ya ce yanzu katakon ya yi ƙarfi, zai jure. Ni kuwa na hau faɗa.

"Usta, ba ka daddara ba? Mutanen nan ne fa dai."

"Su ne."

"In ba su zo ba fa?"

"Sai ya yi ta rataye har su zo."

Ya riga ya sayi goron, ya kuma ce a ajiye keken Inna a gindin dabinon nan ranar saukewa, ba kowa a kai. Ido ba zai bar shi ya bi gidaje ba, don haka farantin yana hannuna, ni zan zagayo muku da shi Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci. Ni ba Usta ba ne, ba ni da haƙurinsa, kuma zan kalli idon kowa. Wanda ya san ba zai zo ba, don girman Allah ya bar goron a faranti.